Gonakin gawo tsakanin Maraɗi da Damagaram

Ɗaurin aure ne ya kai ni ƙasar Tasawa, wurin dangin mahaifiyata, a tsakiyar bazara lokacin da zafi ya kai intaha. Hanya babu abin faɗa sai shingaye. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Ya shanya mu a rana, mota cike da mata masu goyo, shi kuwa yana ta danna waya. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗana, ka dubi Allah, yaran nan ƙishirwa suke ji." Sai ya daka mata tsawa. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da jiran, domin matar ta yi jika da shi. Sai da direba ya sauka suka kewaya bayan rumfa sannan aka sake mu.

A Maraɗi na yi canji, na ga yadda sefa ta danne naira, damin kuɗina ya koma 'yan takardu. Washegari muka kama titin gabas.

Tun kafin Gazawa na daina sauraron hirar cikin mota. Gonaki ne dama da hagu, ƙasa rairayi fari fat, amma ko wace gona da itatuwanta tsaye: kalgo, sabara, aduwa, magarya, ga gawo kore shar alhali komai ya bushe. Tun muna yara ake ce mana hamada daga Nijar take gangaro mana. Ga shi na zo na tarar gonakinsu sun fi namu na arewacin Katsina inuwa nesa ba kusa ba.

Kawu, wanda na sauka a gidansa, dattijo ne da ba ya barin baƙo ya taɓa aljihu. An yanka mini zabo, aka dama fura da nono mai kauri, da na ce a bari in sayo wa yara tsaraba ya ɓata fuska. Da na dame shi da tambaya, bayan sallar asuba ya ɗauki gatari ya ce, "Taso, ɗana, ido ya fi kunne."

Ya tsaya kan wani kututturen kalgo da ya yi toho cunkus, irin wanda mu a gida muke sarewa mu tara mu banka wa wuta lokacin sharar gona. Ya duƙa ya zaɓi guda huɗu da suka fi miƙewa, ya datse sauran, ya aske ƙananan rassan kowanne zuwa rabin tsawonsa, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya ɗaura tsumma a jiki, alamar akwai mai shi. Ke nan. Wannan shi ne sassaben zamani. Babu rainon dashe, babu ban ruwa, domin saiwar ta daɗe a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Ya ce duk shekara yana iya cire ɗaya a yi girki ko dirkar rumfa, sauran su ci gaba da girma.

Muka zauna a gindin gawo yana ba ni tarihi. Bayan farin 1973 da na 1984, in ji shi, daga ƙofar gari kana hango mutum a gari na gaba. Iskar farkon damina takan kwaso yashi ta binne shukar gero, a sake shuka har sau uku ko huɗu, iri ya ƙare. Yanzu sau ɗaya ya wadatar in ruwa ya tsaya. Gawo kuwa ba ya ƙin manomi: da damina yake kakkaɓe ganye, bai tare wa gero rana ba, ganyen ya zama taki, da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Ya ce in dawo da kaka in gwada zangarniyar gindin gawo da ta fili.

Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya farfaɗo da dabarar a yankin Maraɗi a 1983, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa. Lokacin yunwar 1984 aka riƙa ba mutane hatsi don su bar itatuwa a gonakinsu. Da aka daina rabon, da yawa suka sare nasu, waɗanda suka bari ana yi musu kallon ƙazaman manoma. Amfanin da aka gani a gonakinsu ne ya jawo sauran. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar.

Abin da ya fi shiga raina shi ne maganar mallaka. Tun zamanin Faransa itace na hukuma ne, ko da a gonarka ya tsiro. Ka taɓa shi malamin daji ya ci ka tara, don haka mai wayo yakan tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Da aka sassauta, har gwamnati ta fitar da doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina, sai kowa ya zama mai gadin nasa. Mu kuwa duk shekara sai bikin dashe, a ɗauki hoto, a watse, awaki su cinye, motocin gawayi suna wucewa ta gefe. Kawu bai ɓoye mini matsala ba: akwai ɓarayin itace da dare, akwai rigima da makiyaya masu sassabe rassan gawo, shi ya sa kwamitin garinsu ya sa Fulani da mata a ciki.

Ranar kasuwa na ga inda kuɗin yake. Mata da buhunan 'ya'yan gawo masu kiwon raguna na rububi, ga kuka, ga magarya, ga damman itace. Na taya tabarmar kaba, mai ita ta ce albarka, na ƙara, ta sallama, har ta yi mini gyara da faifai. Cinikinsu babu hayaniya, amma kayan shago sun yi mini tsada ƙwarai.

Daga nan na leƙa Damagaram, na ga fadar sarki, aka ba ni labarin Sarki Tanimu na ƙarni na 19 da tsananin hukuncinsa kan mai sare gawo. Na biyo ta Matamaye, inda gawo yake da yawa ƙwarai, na shigo ta Kwangwalam zuwa Daura.

Tun a mota na kira ƙanena na ce kada a sa wa kututturen sabarar gonarmu wuta bana. Ya ce, "Yaya, garmar shanu fa, ta ina za ta bi?" Mun shirya za mu fara da na kan iyaka da waɗanda suka faɗo a layi ɗaya, ranar Asabar zan je da gatari.