Tsinken harawa a idon ɓeran Masar

Ɓerayen Masar uku muke kiwo a bayan ɗakin girki. Na yara ne a suna, wahalar kuwa tawa ce. Watan farko na ga farin ruwa kamar madara a gefen idon guda, hankalina ya tashi, na kwashe shi sai asibitin dabbobi. Likita ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai sabulun wankansa ne." Ashe idonsu ne ke fitar da shi, su shafa da ƙafafun gaba su wanke fuska. Na dawo da kunya, kuɗin mota ya tafi a banza.

Kunyar nan ce ta cuce ni da hunturu ya shigo. Macen ta fara rufe ido ɗaya, hawaye ya jiƙa gashin kuncinta, na ce ƙura ce. Kwana biyu na zuba mata ido. Ran na uku idon ya yi hazo, shuɗi-shuɗi, ko motsin ledar ganye ta ji ba ta zuwa da gudu.

Maƙwabciyata ta kawo ragowar maganin ɗigawa na ɗanta, har da kafson Ampiclox wai a jiƙa mata. Allah ya sa ban taɓa ba. Da na kai ta asibiti, likita ya ce dangin penisilin irin su Ampiclox na kashe ƙwayoyin da ke narkar musu da abinci a hanji, sai gudawa ta tafi da su. Maganin ɗigawa kuma in da sitiroyid (sinadarin rage kumburi) a ciki, ƙara wa gyambon ido zurfi yake. Ya ɗiga wani rini, ya haska shuɗiyar fitila, sai ga ƙujewar ta fito kore shar. Daga ƙarƙashin fatar idon ya zaro ɗan tsinken harawa da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya duba haƙora ma, don nasu ba sa daina tsiro, kuma in saiwar ta yi tsawo ido na zubar da ruwa. Ya tambayi me suke ci, tunda kamar mutum suke, jikinsu ba ya haɗa bitamin C. Tun ranar nake yanka musu tattasai da gwaiba.

Ɗiga maganin sai da mutum biyu: babbar 'yata ta naɗe ta a tawul, ni na buɗe idon. Harawar yanzu sai na karkaɗe na tsince karare masu tsini. Idon ya washe, saura ɗan farin tabo da ba a gani sai a rana.