Na ƙi mayar da jarumata kyakkyawa a ƙarshen labari

Tun kafin in fara rubuta labarin nan na 'yan mata masu tasowa na yanke abu ɗaya, yarinyar yanda ta shigo shafin farko haka za ta fita shafin ƙarshe, baƙa, gajera, fuska duk ƙuraje. Ba za ta yi haske ba, ƙurajen ba za su baje dare ɗaya ba, kuma babu wani ɗan masu kuɗi da zai faka mota yace ai ke nake nema tuntuni. Wallahi na gaji da irin labaran da za a yi ta cewa kyan hali shi ne kyau, amma ana zuwa babin ƙarshe sai a yi wa yarinya wanka da kwalliya kowa ya saki baki yana kallonta. To me aka koya wa mai karatu kenan, ai an dai ce mata ta jira nata canjin ne kawai.

Abu na farko da aikin ya nuna min shi ne yarinya 'yar shekara 15 ba ta jin wa'azi, in kika ce mata zuciyarki na da kyau abun da kunnenta ke ji shi ne fuskarki kam sai haƙuri. Don haka ko sau ɗaya ban sa wani ya furta mata wannan maganar ba. Na nuna ta ne a ɗaki tana ɗaukar hoto tana gogewa, ta sa filta hancin ya tsaya fatar ta yi sumul, ta ɗan yi murmushi, sai wayar ta motsa filtar ta zame ta ga ainihin fuskarta na sakan ɗaya, ta kife wayar a katifa. Wannan gurin shi ne aka fi yi min magana a kansa, wata ma cewa tayi kamar na leƙa ɗakinsu.

Na ɗan yi karatu kafin nan don kar in yi shaci-faɗi. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya yi bayanin cewa mutum na auna kansa ne ta hanyar kwatanta kansa da wasu, to da can da 'yan ajinku kawai za ki kwatanta, yanzu kuwa da duniya gabaɗaya, kuma hotunan ma gyararru ne. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata damuwa game da jikinsu. Ban sa ko ɗaya daga cikin wannan a labarin ba, amma shi ya sa wayar ta zama kamar mutum a ciki.

Babin man bilicin ya fi ba ni wahala. Ban so in tsorata yara da ƙarya, sai na tsaya kan abun da aka sani, wasu mayukan na ɗauke da hydroquinone wanda in an daɗe ana shafawa yana iya barin baƙaƙen tabo, wasu da siteroid mai sa fata ta yi siriri ƙuraje su ƙaru, wasu kuma mercury mai taɓa ƙoda. Jarumar tawa ta shafa na ɗan lokaci a ɓoye, gaɓoɓin yatsunta suka ƙi bin sauran hannun, ta koma tana dunƙule hannu in za ta karɓi abu.

Sannan babu muguwa a labarin, wannan da gangan ne. Masu yi mata ciwon masu sonta ne, Anti da ke cewa cikin wasa "oh 'yar nan, da ma hasken yayarki kika ɗauko", da Mama da ke dariya ba ta san an tafi banɗaki an yi kuka ba. Ita ma yayar farar na ba ta nata, kowa fuskarta yake yabo babu mai tambayar me ta ci a jarrabawa. Kuma jarumar ba waliyyiya bace, tana hassada, ta taɓa yi wa yayar ƙarya, don in sai ta zama mala'ika kafin a so ta ai an sake ɗora mata wani sharaɗin ne.

Abun da ya ɗauke hankalinta daga madubi a hankali shi ne zane, ta samu abun da take yi ta manta da kanta na awa biyu, ba wai ta wayi gari tana son fuskarta ba, wasu ranakun har yanzu ba ta so.

Da na saki babin ƙarshe wasu sun ji haushi sosai, wata tace Anti kin cuce mu, ko ɗan saurayi ba ki ba ta ba. Nace mata shekararta 15 fa, jarrabawa ce a gabanta. Har yanzu suna neman kashi na biyu, in na rubuta kuma labarin yayar zan bi.