Kilo huɗu da suka sa na bar bargon Inna a filin jirgi

Shekarata huɗu a Jamus yanzu, kuma har yau in na tuna wannan safiyar a filin jirgi sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Bari in fara daga farko. Sanyin farko da na yi a ƙasar nan kaɗaici ya kusa zautar da ni, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ka dawo daga aiki ba mai ce maka sannu da zuwa, sai kai da bango. Wani abokin aikina ne ya ja ni ƙungiyarsu ta masu nutso, muna koyo a wurin wanka na cikin gida duk ranar Laraba, daga baya muka fara fita tafki. Ranar da na karɓi katin da ya ba ni izinin sauka har mita 18 wallahi na yi alfahari da kaina, ni da ko iyo ban iya ba lokacin da na zo.

Toh sai na sayi rigar iska, wadda masu harkar ke ce wa BCD, ita ce kake hura mata iska daga tukunyar da ke bayanka ko ka sace iskar domin ka tsaya daidai a cikin ruwa, kada ka nitse ƙasa kada kuma ka taso sama ba shiri. Ta hannu na saya, katuwa mai soso da manyan aljihu da zobban ƙarfe ko'ina, ta haura kilo 4. A tafkin sanyi da rigar roba mai kaurin milimita 7 da tukunyar ƙarfe ba ta da laifi ko kaɗan.

Da zan je gida karo na farko na tsara in yada zango a Masar, kwana biyar a Hurghada in ga Bahar Maliya da idona, sannan in wuce. Na ɗora akwati a sikeli sai ga kilo 27, an yarda min 23 ne kawai, kuɗin ƙarin kaya kuma ba ni da shi a lokacin. Na durƙusa a ƙasa na buɗe akwati gaban layi, mutane sai kallon agogo suke, hannuna na rawa, ga rigar ta cinye rabin akwatin ga bargo mai nauyi da na saya wa Inna saboda ƙafarta da ke ciwo in an shiga sanyi, ga takalman ƙannena. Na ciro bargon da takalma biyu na miƙa wa abokina da ya rako ni, rigar kuma na mayar da ita. Ban yi tunani ba, kunya ce kawai ta rufe min ido, so nake in tashi daga ƙasan nan. Sai da jirgi ya ɗaga na tuna ai da na bar rigar, can ma ana ba da haya.

A kwale-kwale a Hurghada na ga rigar iskar jagoranmu, jakar iskarta duk a baya take kamar fiffike, gaba kuwa igiyoyi ne kawai, ya naɗe ta tamkar tawul, kilo 2 da ɗan wani abu. Shi ya zaunar da ni ya fahimtar da ni cewa a ruwa mai ɗumi da siririyar rigar roba ba ka buƙatar jaka mai ɗaga nauyi da yawa, mai ɗaga kilo 13 zuwa 14 ta wadatar da tukunya ɗaya. Abin da rigar ke cikewa shi ne nauyin iskar tukunya, kusan kilo 3 in ta cika, da kuma matsewar da robar jikinka ke yi in ka sauka, tunda a mita 10 ma matsin ya ninka biyu. Ya kuma ce in lura tukunyar alminiyam da ake bayarwa a can tana yin sauƙi in iska ta kusa ƙarewa, ga gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, don haka sai an ƙara dalma, wato nauyin da mai nutso ke ɗaurawa a jiki don kada ruwa ya taso da shi, in ba haka ba tsayuwar minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito saman ruwa za ta gagare ka.

Da na dawo Jamus ban yi gaggawa ba. Na gwada rigunan iska uku a wurin wanka, na auna kowace da sikelin hannu. Mai sauƙi sosai ɗin na ƙi ta don igiyar da ke riƙe tukunya ɗaya ce kuma tukunyar na rawa a bayana, aljihun dalmar ma ƙanana. Wadda na ɗauka tana da bawul a kafaɗa da wani a ƙugu, da ƙananan aljihu a igiyar tukunya, amfaninsu shi ne irin wannan rigar in ka cika ta da iska a saman ruwa tana tura fuskarka gaba, sai ka sa dalma kaɗan a baya ka rage iskar ka kishingiɗa. Tsohuwar na ajiye ta don tafki.

A gida ba wanda ya tambaye ni bargo, ba su ma san da shi ba, wannan ne ya fi cin raina. Daren farko na ga Inna ta lulluɓe ƙafarta da tsohon zane tana murza gwiwa, na fita waje na daɗe a tsaye. Da ƙanwata ta nuna mata hotona a ƙarƙashin ruwa ta daɗe tana kallo, ta ce ɗan nan me ka rasa a tudu, sannan ta sa aka ƙara girman hoton ta ga kifayen. Tun daga nan duk kiran da za mu yi sai ta tambaya ko na shiga ruwa satin nan, in na ce eh ta ce Allah ya tsare, ta yi shiru kaɗan.

Jiya na haɗa akwatin tafiyar watan gobe, bargon ne na fara sawa a ƙasa, sannan takalman duk da na san ƙaramin ƙanena ya wuce nasa yanzu, sabuwar rigar ta shige a gefe. Sikeli ya nuna 21.