Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har ɗiyata ta samu gurbin karatun likitan haƙori

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, sunan ɗiyata ya fito a shafin CAPS na hukumar JAMB, inda ake fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, an ba ta gurbin karatun likitan haƙori, kuma ta karɓa. Da yawanku kun san halin da gidanmu ya shiga tun da aka ce ba ta cika sharaɗi ba. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto nan.

Ga abin da ya faru, don masu tambaya. Wannan karatu yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma inda ta nema a zama ɗaya ake son su, wato duka a jarrabawa guda. Kiredit daga A1 yake zuwa C6. A WAEC ta samu D7 a Kemistiri, wato ta ci, amma bai kai kiredit ba. A NECO kuwa, wadda ta rubuta a shekarar, duka biyar ɗin sun fito lafiya. Sai dai sakamakon WAEC ya riga fitowa, shi aka ɗora lokacin tantancewa, na NECO bai iso ba sai daga baya. Masu duba takardu abin da ke gabansu suka gani, suka ajiye sunanta gefe. Makinta na JAMB bai gaza ba, amma maki ba ya rufe gurbin kiredit.

Godiyata ta farko ga malaminta na Kemistiri. Ranar da labarin ya zo, ni har na fara lallashinta ta karɓi wani kwas. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida a kan babur. Ya karɓi takardun biyu ya jera su a kan tabarma, ya ce, "Alhaji, yarinyar ga ba ta faɗi ba. Takardarta ce ba ta isa inda ake dubawa ba. Kada ku nemi wani babba, ku kai hujja." Shi ya zauna da ita suka rubuta takardar koke zuwa ga Magatakardan jami'a ta hannun jami'in ɗaukar ɗalibai. Shafi ɗaya ce, babu kuka, babu zargin kowa: lambar rajistarta ta JAMB, lambar jarrabawar NECO, darussan biyar da abin da ta samu a kowanne, sai roƙon a sake duba takardunta. Malam, ko kuɗin mai ka ƙi karɓa. Allah ya biya ka da gidan Aljanna, ya shirya maka zuri'a.

Sai matashin da ke aiki a cibiyar CBT, wato wurin rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta, wanda ya fahimtar da mu cewa koke ba zai yi amfani ba muddin sakamakon NECO bai hau shafin JAMB ba, domin da abin da ke CAPS ake aiki. Intanet ta yi ta yankewa, bai tashi ba sai da ya ga ya hau, ya buga mana shaida muka haɗa da takardar. Na gode, ɗana.

Ina kuma gode wa ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai. Sun karɓi takardar, sun buga hatimi a kwafinmu, sun faɗa mana gaskiya cewa babu alkawari, don gurabe ƙayyadaddu ne. Hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ba a wuce shi. Ba wanda ya nemi sisin kwabo a hannuna, kuma ina so a san haka, domin akwai waɗanda suka yi ta ce mini sai da na goro. Ni dai ban ga laifin sharaɗin ba, kuma ban roƙi a sassauta shi ba. Wanda zai sa allura da ƙarfe a bakin ɗan mutum ya kamata a tsananta wajen zaɓensa.

Kawunta, wanda ya bar rumfarsa a kasuwa ya yi ta kai mu da komowa cikin zafin Sakkwato, Allah ya ƙara buɗi. Liman da jama'ar masallacinmu na Mabera, mun ga amfanin addu'arku. Ƙawayenta da suka riƙa zuwa suna ɗebe mata kewa, Allah ya ba ku naku rabon.

Mahaifiyarta kuwa, ita ta ɗauki nauyin da ba a gani. Yarinya ta daina cin abinci, ta daina fita, mahaifiyar ce ke zama da ita har dare. Ita ce kuma ta tuna mini dalilin da ya sa ɗiyarmu ta nace wa wannan karatu. Tana ƙarama ta raka gwaggonta dubiya Asibitin Yara na Noma da ke nan Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ta ga yaran da cutar da ake kira noma ta cinye wa leɓe da kumatu. Ciwo ne da ke farawa daga dasashi, ya fi kama ƙananan yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki, kuma idan an gano shi da wuri magani na tsayar da shi. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Tun daga wannan dubiya take cewa, "Baba, aikin baki zan koya." Hajiya, Allah ya saka miki da alheri.

Iyayen da ke cikin irin wannan hali, ku shiga shafin CAPS ku ga wane sakamako ne a kai kafin ku yanke ƙauna, kuma ku riƙe kwafin duk takardar da kuka miƙa. In kuwa kiredit ɗin ne babu shi da gaske, koke ba zai kawo shi ba, sai a sake zama jarrabawa. Mai son ganin yadda aka tsara takardarmu ya same ni, zan nuna masa.

Shekara shida ke gabanta, sannan shekarar horo a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Ina roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba 'ya'yanku abin da ya fi wannan. Amin.