Zakara ne ko kaza? Abin da na rubuta daga ƙyanƙyasa zuwa mako na 20

'Yan'uwa masu koyon kiwon kaji a bayan ɗaki, barkanmu da ƙoƙari. A watan Yuli kazata wake-wake ta kwanta kan ƙwai 11, da kwana 21 ya cika ta fito da 'yan tsaki tara, biyu suka zama baragurbi. Yara suka tsare ni da tambayar nawa ne zakaru, ni ma abin da ke raina ke nan, don akurkina ƙarami ne, dusa kuma ba ta arha. Sai na samu littafi, na ɗaura wa kowane tsako zare mai launi daban a ƙafa, ina rubuta hasashena duk mako. In za ku yi haka ku riƙa sassauta zaren, ƙafar tsako tana kauri da sauri.

Mako na 1

Goggo ta zo ganin jikoki, ta ce wannan ai ba abin wahala ba ne. A riƙe tsako ta ƙafa a juya kansa ƙasa, in ya tanƙwaro wuya yana fafutuka zakara ne, in ya saki jiki mace ce. Ta ƙara da cewa ƙwai mai tsini zakara yake fitarwa. Na rubuta hukuncinta a shafi guda, amma ban bari an sake rataye min tsaki ba.

Na gwada duba gashin fiffike, wai in jerin gashin ya fito dogo da gajere mace ce, in ya yi kai ɗaya namiji ne. Dabarar gaskiya ce, sai dai tana aiki ne a irin da aka haɗa musamman don haka, inda uba mai saurin fitar gashi ne, uwa kuma mai jinkiri. Kajin gida da zakaran maƙwabta ke haurowa katanga ba sa cikin wannan lissafi. Haka batun launi: a Isa Brown, wani irin kajin ƙwai na gona, tun ranar ƙyanƙyasa mace ja-ja take, namiji fari-fari, shi ya sa masu gonar ƙwai ke ware su nan take. Nawa kuwa kowa da kalarsa. Duba dubura da ƙwararru ke yi, wanda ya samo asali daga Japan a shekarun 1920, sana'a ce da ake daɗewa ana koyo, wanda bai iya ba yana iya matse tsako har lahira. Ban taɓa ba.

Mako na 3

Shirwa ta ɗauke mai farin zare ina tsaye a tsakar gida. Saura takwas. Biyu sun riga sauran fitar da wutsiya, na rubuta su mata da fensir.

Mako na 6

Yanzu aka fara ganin wani abu. Zankon uku daga ciki ya tashi ya fara ja, naman da ke rataye ƙarƙashin baki ma ya leƙo, na sauran kuwa yana nan ƙarami, rawaya-rawaya. Ƙafafun ukun sun fi kauri. Na rubuta zakaru uku, mata biyar, na yi murna har na fara lissafin ƙwai.

A makon ne na sayo 'yan kaji irin Noiler huɗu sa'anninsu, na kuma tafka kuskuren da nake so ku kauce masa. Na ajiye su kusa da nawa, na ga sun fi su girma da zanko da kaurin ƙafa, sai na yanke cewa mai kajin ya cuce ni, zakaru zalla ya haɗa ni da su. Har na shirya komawa in yi masa tsiya. Allah ya so ni ban je ba. Noiler iri ne da aka samar don nama da ƙwai, macensa a mako shida tana iya fin zakaran gida sa'anta jiki. Zanko da ƙafa ba sa faɗa maka komai sai in ka gwada tsako da ɗan'uwansa, iri ɗaya, kwana ɗaya.

Mako na 9

Faɗa ya yi yawa, ana tayar da gashin wuya ana karo da ƙirji. Na ɗauka duk mai faɗa namiji ne, sai ga mai koren zare, wadda nake da tabbacin mace ce, tana kora kowa daga kwanon abinci. Na daina rubuta hali a matsayin shaida.

Mako na 12 zuwa 13

Wani dattijo mai sayar da kaji a kasuwarmu ya ce mini, “Yaro, bar kallon kai, kalli baya.” Abin da yake nufi shi ne gashin gadon baya, wanda ke gab da tushen wutsiya. A jikin zakara, wajen wata uku, sabon gashi yana fitowa a nan, siriri, mai tsini, mai sheƙi, daga baya ya zubo ta gefe biyu kamar gezar rawani. A jikin mace gashin wurin faffaɗa ne, bakinsa a zagaye, ba ya ƙyalli.

Ga yadda na yi. Na bari sai bayan isha'i, sun hau sanda sun yi laushi, na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, yarona yana haska fitilar waya. Sai in buɗa gashin bayan da yatsa, in zura farar takarda ƙarƙashin gashi ɗaya don bakinsa ya fito sosai. Kar ku tsaya a gashin sama, na yarinta ne, a zagaye yake ko a jikin namiji. Sabon yana ƙasa, wani ma bai gama fita daga kubensa ba. Gashin wuya ma yana tsini a namiji, amma ya fi ruɗarwa, don na wasu matan ma yana da ɗan tsini. Dogon gashin wutsiya mai lanƙwasa kamar lauje yana zuwa ne daga baya, ƙayar bayan ƙafa kuwa ba a jiran ta, sai zakara ya manyanta take fitowa sosai, kuma akan samu tsohuwar kaza da ita.

A daren nan lissafina ya rushe. Mai baƙin zare, wadda na rubuta mace tun mako na shida, ga gashi mai tsini a bayanta ƙarara. Zakaru sun zama huɗu. A Noiler kuma ɗaya ne kawai namiji, uku mata. Da na je na yi wa bawan Allah nan rashin kunya, da yanzu da wane ido zan dube shi?

Mai shuɗin zare ya hana ni barci. Zanko ƙarami, jiki ƙarami, tsoro kamar zabo, gashin baya kuma bai nuna ko ɗaya ba. Na sa masa alamar tambaya.

Mako na 17

Mai jan zare ya yi cara ta farko da asuba, murya a shaƙe kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Cikin kwana goma wasu uku suka bi sahu. Na sake duba mai shuɗi, sai ga tsinin gashi ya fito, wata guda bayan 'yan'uwansa. Manyan sun danne shi, ba ya samun abinci sai sun ƙoshi. Na ware shi a keji shi kaɗai, kwana shida ya yi cara. Dama an ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Mako na 20

Ƙidaya ta ƙarshe a na gida: zakaru biyar, mata uku. Na buɗe shafin Goggo, ta dace a huɗu ta kuskure a huɗu, wato daidai da canke. Nawa na mako shida ya dace a shida. Ban gaya mata ba. Abin da na gaya wa maƙwabcina, wanda ke alfahari wai zakaransa maza yake haifa, shi ne a tsuntsaye uwa ce ke ƙaddara jinsin tsako tun cikin ƙwai, saɓanin mutane. Bai yarda ba.

Yanzu zankon matan Noiler ya yi ja ya kumbura. Da a mako na shida ne da na ce zakaru ne, amma a wannan shekarun alamar ƙwai ce ta kusa. In na kai hannu bayansu sukan durƙusa su buɗe fiffike, kuma yatsu biyu suna shiga tsakanin ƙasusuwan da ke gefen dubura. Sagarun gida uku ba su kai nan ba tukuna.

Mata bakwai nake da su har da uwar, zakara ɗaya ya ishe su, ga shi kuwa shida nake da su, biyar ɗin da ke sake sun fara tuge musu gashin baya. Zan bar na Noiler tunda ba jininsu ɗaya ba. Na ba kowa rigakafin Lasota, na cutar kaji da ake kira Newcastle, kafin hunturu ya kankama. Huɗu za su tafi kasuwa ranar Asabar, tunda zakaru sun yi kuɗi gab da Kirsimeti. Mai shuɗi dai ƙaramar 'yata ta kafe ba za a sayar ba, har ta sake masa sabon zare, don haka yana nan a kejinsa sai na ga yadda za mu ƙare da ita.