Ranar da na raka ƙanena asibiti

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau da sassafe na raka ƙanena asibiti, bayan ya shafe kusan wata biyu yana ɓoye abin da ke damunsa. Daren jiya ya same ni a zaure, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce, "Yaya, akwai wani ƙullutu mai tauri a jikin ɗaya daga cikin 'ya'yan marainana, amma ba ya yi mini ciwo." Rashin ciwon ne ya sa ya yi sakaci, domin da ya je kemis sai aka ce masa sanyi ne, aka haɗa masa ƙwayoyi, ya shanye su ƙullutun yana nan.

Da likita ya gama duba shi, sai ya ba ni izinin shiga. Ya ce yawancin kumburin maraina ba ciwon daji ba ne, domin yana iya zama gwaiwa, ko taruwar ruwa, ko kumburin jijiyoyi, amma ƙullutu mai tauri marar ciwo shi ne alamar da ta fi yawa a ciwon dajin maraina, wanda ya fi kama masu shekara 15 zuwa 40. Na yi mamaki ƙwarai, don a tunanina ciwon daji na tsofaffi ne, ga shi ƙanena shekararsa 26. Ya ƙara da cewa jin nauyi a maraina, ko canjin girma ko tauri a ɓangare ɗaya, ko ɗan ciwo mai nacewa a mara da matsematsi, duk sun isa su kai mutum wurin likita ba tare da jiran ya ga ko za su wuce ba. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya kuwa yana iya zama murɗewar maraina, wadda ake so a yi wa tiyata cikin kamar awa 6.

Likitan ya tambaya ko an haifi ƙanena da ɗan maraina ɗaya bai sauko ba, domin hakan yana ƙara haɗarin. Babu wanda ya sani a cikinmu, dole na buga wa Inna waya, kuma ban taɓa jin nauyin wata tambaya kamar wannan ba. Ta ce lafiya lau aka haife shi.

A kan hanyar ɗakin hoto ne ƙanena ya faɗa mini ainihin tsoronsa, wato maganar aurensa da aka sa bayan sallah. Na mayar da shi wurin likitan, wanda ya ce ko da an cire ɗaya, wanda ya rage yakan wadatar wajen haihuwa, kuma wannan ciwo yana cikin waɗanda aka fi samun warakarsu, har fiye da kashi 90 cikin 100 idan an gano shi da wuri. Sai a lokacin na ga ya ɗago kai.

An yi masa hoto, an ɗebi jininsa, an ce mu koma ranar Alhamis. Da na dawo gida na yi wanka da ruwan ɗumi, na duba kaina kamar yadda likitan ya kwatanta, ina murza kowanne a hankali tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, abin da ban taɓa yi ba a shekara 38 da na yi a duniya.