Taba sigari kusa da alawa a teburin bakin makaranta

Mutane da yawa a nan Gusau gani suke yi an gama da tallar taba sigari, tunda ba a jin ta a rediyo, ba a ganin ta a talabijin, manyan allunan bakin titi ma babu su. Ni da nake koyarwa a wata sakandaren maza, kuma da ƙafa nake ratsa Tudun Wada in je aiki, ban yarda ba. Tallar tana nan daram, wurin zama kawai ta sauya, ta koma teburin mai alawa.

Duk wanda ke musu ya tsaya gaban teburi ɗaya lokacin tashi daga makaranta. Jeren gaba alawa ce da cingam da biskit. Daf da su sai kwalayen taba, ja da shuɗi da ruwan zinariya, an jera su tsaf, sun fi komai na teburin ƙyalli. Tsayin teburin bai wuce ƙirjin ɗan aji ɗaya ba, don haka duk yaron da ya miƙa hannu zai ɗauki alawa sai idonsa ya sauka a kansu. Akwai kwali ɗaya da kullum yake buɗe, an yage murfinsa, kawunan karan sun leƙo, ga ashana a gefe. Ba wanda ya ce wa yaron ya sha. Amma wanda ya tashi yana ganin abu safe da yamma a tsakanin kayan kwalama, da wuya zuciyarsa ta ɗauke shi a matsayin guba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu ƙamshin nan, na na'a-na'a da na 'ya'yan itace. Na taɓa kama wani ɗalibina da kara ɗaya a aljihun riga, yaro mai natsuwa wanda ba na zato. Da na zaunar da shi, cewa ya yi, "Malam, wallahi wannan ba ta da ƙarfi, ko tari ba ta sawa." Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ba kowa, tun yana firamare kawunsa ke aikensa sayowa, har ya haddace sunayensu da kuɗin kowace. Wannan aiken da manya ke yi wa yara, mu ne da kanmu muke ƙarasa wa kamfanoni aikinsu, kuma kyauta.

Ba a rasa doka ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba tun 2005, a 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ƙasa. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, sai dai kwali mai kara 20. Hikimar a fili take: yaro na iya rage kuɗin tara ya sayi kara ɗaya, amma kuɗin kwali ya fi ƙarfinsa. Sannan daga 2021 aka fara buga hoton gargaɗi da ya cinye rabin kwalin. To wanda ake zaro wa kara ɗaya a miƙa masa, yaushe ya riƙe kwalin balle ya ga hoton? A unguwarmu ban taɓa ganin mai teburin da ya tambayi yaro shekarunsa ba.

Wasu ƙasashe sun gane cewa jerawar kanta talla ce. Tailan ta hana baje taba a shaguna tun 2005. Ingila ta hana manyan kantuna a 2012, ƙanana a 2015. Tabar na nan a bayan ƙyaure, babba ya tambaya a ɗauko masa. Dalilinsu shi ne bincike ya sha nuna cewa matasan da ke yawan ganin taba a shago sun fi saurin gwadawa, kuma mafi yawan mashaya tun kafin shekara 18 suka fara. Abin da ke kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara, dole ya riƙa neman sababbin masu saye, kuma 'ya'yanmu ne.

Na yi maganar da wani dattijo mai teburi kusa da makarantarmu, mutumin kirki da muke sallah sahu ɗaya. Na ce, "Baba, don Allah ko za a mayar da tabar nan ƙasan teburi?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ita ke jawo min ciniki. Wanda ya zo sayen kara ɗaya sai ya haɗa da goro da ruwan leda. In na ɓoye, na gaba da ni bai ɓoye ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ba na ganin laifinsa shi kaɗai, da teburin nan yake ciyar da iyali. Shi ya sa roƙon mutum ɗaya ba zai yi ba, sai duk teburan layin sun sauke tare, ta yadda ba wanda zai ƙwace wa wani ciniki. Mashayi babba ya san inda tabarsa take, ba ya buƙatar a baje masa.

A taron iyaye da malamai na wannan zango zan tayar da maganar. Na riga na roƙi shugaban makaranta ya gayyato mai unguwa da liman, don su ne masu teburan ke jin nauyinsu, kuma zan nemi iyaye maza su daina aiken yara sayen taba ko da kara ɗaya ne.